Nawa ake ba konsiyaj a jirgin ruwan shaƙatawa, kuma ta yaya ake ba ta?

Abu_Sultan

Slm jama'a, don Allah masu yawan tafiye-tafiye a taimaka min da shawara kafin jibi. Yanzu haka muna cikin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Dubai ya zaga Abu Dhabi da Doha ya dawo, ni da maiɗakina da Hajiyarmu. Saboda ciwon gwiwar Hajiya ne ma na daure na kama mana ɗaki a ɓangaren manya, inda ake haɗa ku da konsiyaj, wato ma'aikaciyar da aikinta kenan ta ji da buƙatunku. Tamu 'yar Filifin ce, kuma wlh yarinyar nan ta yi mana abin da ko 'yar cikin gida sai haka. Ita ta nemo wa Hajiya keken guragu tun ranar da muka shigo, ita ta kai ni wajen shugaban masu girki muka zauna ya nuna min abincin da ake sa wa giya ko naman alade, ta samo mana mota a Doha da direba mai haƙuri, kai har alƙibla in Hajiya ta tambaya sai ta buga waya sama wajen matuƙa ta ji inda jirgi ya sa gaba ta zo ta nuna mana. Yanzu har "sannu Hajiya" ta iya.

To ga inda na tsaya. Na duba lissafinmu a talabijin ɗin ɗaki na ga kullum ana ɗora mana wani kuɗi a kan kowannenmu, wai kuɗin hidima. Ita tana cikin masu cin wannan kuɗin ko sai na ba ta nata daban? In daban ne nawa ne ba zai zama raini ba? A hannu ake bayarwa ko a kati? Sannan Hajiya ta dage sai ta ba ta turmin atamfa da humra da ragowar dambun naman da muka taho da shi, ni kuma ina ganin kamar za mu ɗora mata kaya ne. Wanda ya sani ya faɗa min don Allah, intanet ɗin jirgin da ƙyar yake ja.

Bakano_a_Texas

Wa alaikumus salam Abu Sultan, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri da ka fito da ita ta sha iska.

Wancan kuɗin da kake gani kullum kusan duk manyan kamfanoni haka suke yi, a kan kowane mutum kowane dare, har yara ma in ba jarirai ba. A nan wajenmu Carnival da Royal Caribbean da Norwegian duk yana tsakanin dala 16 zuwa 20 ne a ɗakin gama-gari, manyan ɗakuna kuma ya fi haka, na Norwegian ya kai 25, kuma ba a daɗewa sai ka ji sun ɗan ƙara. A ce ku uku ne, dare 7, a kan dala 18, ka ga dala 378 kenan ba ka sha ko lemo ba. Shi ake tarawa a raba wa masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci da wasu na bayan fage.

Maganar ko konsiyaj tana ciki, wannan kowane kamfani da tsarinsa. Norwegian sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa konsiyaj da hadimi na musamman na manyan ɗakuna da masu kula da yara ba sa cikin wancan rabon, tunda ba kowane fasinja suke yi wa aiki ba, don haka wanda suka yi wa shi zai sallame su. MSC kuma cewa suke kuɗin hidimar ya wadatar, ba sa ma ƙarfafa a riƙa ba ma'aikaci shi kaɗai. Akwai kuma na masu hannu da shuni irin Silversea da Seabourn da Regent, su an riga an cusa komai cikin kuɗin tikiti. Saboda haka kar ka tambaye ta ita, kunya za ta ji ta ce maka ba komai, ka sauka teburin karɓar baƙi ka tambaye su kai tsaye, tambaya ce da suke sha kullum ba wanda zai yi maka wani kallo.

Adadi kuma ba doka ba ce. Ni ma'aunina shi ne me ta yi min. In konsiyaj ce da ban nema ba sai gaisuwa in mun haɗu a hanya, dala 20 ta isa, wani lokacin ma godiya kawai. Amma irin wannan da kake ba da labari, ni da ni ne ba zan ba ta ƙasa da dala 100 ba a madadin ku ukun, in da hali in ƙara, ko da kuwa an ce min tana cikin rabo. Kuma tsaba a ambulan, teburin karɓar baƙi suna bayar da ambulan kyauta.

Wani abu da zan ja hankalinka, duk rasit ɗin da aka kawo maka na kofi ko lemo ko wajen tausa ka duba da kyau, yawanci an riga an ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, sannan a bar wani layi a ƙasa babu komai wai ko za ka ƙara. Mutane da yawa suna biya sau biyu ba su sani ba.

Alhajin_Kwari

Nifa gsky wannan abin bana ganeshi. Kabiya tikiti da tsada, kabiya biza, kabiya jirgin sama, sannan azo ana dora maka wani kudi kullum batare da antambayeka ba kuma asa masa suna wai kyauta? Kyauta ai ganin dama ce. Annabi SAW cewa yayi aba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, to waye ya daukesu aiki, nine ko kamfani? Kamfani ya biya yaransa mana. Ni shawarata Abu Sultan kaje wajen teburin nan kace su cire maka kudin hidimar gaba daya, naji ance ana cirewa in ka matsa, sai ka dauki kudin ka dankawa yarinyar da tayi muku wahala hannu da hannu kaga ta amfana kaima hankalinka ya kwanta. Wanda ban ganiba bansan aikin da yayi min ba.

Tsohon_Maaikacin_Jirgi

Alhaji ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma in aka bi ta talakan da ba ruwansa za a kwantar. Ni na yi aikin nan, na fara daga wanke-wanke a kicin kafin a ɗaga ni zuwa mataimakin mai kawo abinci, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki.

Eh, kamfani ne ya kamata ya biya albashi mai kyau, ba mai musu. Amma yadda suka tsara abin, a kwantiragin da na sa wa hannu albashin tushe ɗan kaɗan ne, sauran daga wancan kuɗin hidimar yake fitowa. In fasinja ya je ya cire, kamfani ko gezau, jirgi ya riga ya ci kuɗin tikitinsa, mu ne dai za mu gani a ƙarshen wata. Kuma abin haushin, a inda na yi aiki in baƙi suka yawaita cirewa sai shugaban sashe ya kira mai gyaran ɗakinsu da mai kawo musu abinci ya ce me kuka yi musu, alhali wataƙila mutumin tun daga gida ya ƙudurta ba zai biya ba.

Alhaji ka ce wanda ba ka gani ba ba ka san aikinsa ba. Ai kamar gidan biki ne, masu rabon abinci ake gani ana sa musu albarka, masu tuƙin tuwo a bayan gida hayaƙi na cin idonsu ba mai tunawa da su. Zanin gadon da Hajiya take kwana a kai wani ne yake can ƙasan jirgi, ƙasa da saitin ruwa, inda ba taga, yana wankewa yana gogewa cikin zafin injina. Farantin da aka ware mata don kar ya haɗu da na alade wani ne ya wanke shi daban. Konsiyaj ta buga waya ne ta ba da umarni, kuma ta kyauta, amma hannuwa da yawa ne suka aiwatar. In ka kwashe na waɗannan ka ba ta ita kaɗai ka ba wadda ta fi su albashi ne ka hana na ƙasa, don konsiyaj a jirgi ba ƙaramin matsayi ba ne, ɗakin kwananta ma ya fi namu.

Aikin kuma ba ranar hutu. Kwantiragi wata shida zuwa tara, kullum sai ka fita aiki, awa goma ko fiye, a rarrabe safe da rana da dare. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ma'aikatan ruwa ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ita ta ce dole a ba mutum hutun awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako, to ku lissafa da kanku ku ga awa nawa ya rage na aiki. Jiragen kuma yawanci rajistar Bahamas ko Panama ko Malta gare su, don haka ba dokar albashin Amurka ake bi da mu ba. Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne da Indonusiya da Indiya, kowa da iyalin da ke jiran ya turo, wani an yi masa haihuwa sai a waya ya ga jaririn har ya fara zama.

Yanzu Abu Sultan ga abin da ba wanda ya faɗa maka kuma ya fi ambulan ɗin tasiri. Bayan kun sauka za su turo maka fom ta imel na jin ra'ayi, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba ya daɗewa yake rufewa. Mutanenmu ba sa cikawa, sai su ga kamar talla ce su share. Don Allah ka cika, ka rubuta sunanta yadda yake a bajon ƙirjinta, ka faɗi takamaiman abin da ta yi, keken nan, zaman da ta haɗa ka da shugaban girki, alƙiblar nan. Kar ka tsaya a "ma'aikata sun kyauta", wannan ba ya zuwa fayil ɗin kowa. Sunan da ya fito a fom ana karanta shi a taron sashe, yana shiga fayil, da shi ake duba wa za a ƙara wa girma, wa za a sake kira kwantiragi na gaba, wani lokacin a ba ka 'yan awanni ka fita gari ka huta. Ni da kaina abin da ya fitar da ni daga kicin kenan, shugabana ya ga sunana ya fito a bakin baƙi lokacin da ake tura ni taimako a wajen cin abinci. Tun yau ka ɗauki biro ka bi su kana rubuta sunaye, har mai gyaran ɗakinku da yaron da ke tura keken Hajiya a bakin tsani, don in ka koma Kano ba za ka tuna ba.

Lokacin bayarwa kuma daren ƙarshe, kafin ko bayan cin abinci. Kar ka bari sai safiyar sauka, ranar nan kowa a guje yake, dubban mutane na fita wasu dubbai na shigowa a yini ɗaya, ba lallai ka ma gan ta a natse ba. Kaftin da manyan jami'ai masu igiya a kafaɗa ba a ba su komai, gaisuwa ta isa.

Alhajin_Kwari

To naji, Allah ya bada lada. Amma har yanzu ina nan akan bakata cewa kamfani wayo yakeyi, ya rage kudin tikiti a talla ya boye sauran a baya. Kar a cire din tunda yaran mutane zai shafa, amma dai wayo ne.

Dan_Maradi_a_Marsai

Alhaji a nan kam ina bayanka. Mu nan Marsai ta Faransa jiragen ga kullum suna tsayawa, na Costa da MSC, kuma mutanen Turai ba su saba da wanga tsari na Amurka ba, Bafaranshe in ya ga an ɗora mishi kuɗɗin da bai gani ba cikin talla sai ya tada hankalin kowa. Shi ya sa a Turai sau da yawa ake haɗa shi cikin farashi tun wurin sayen tikiti, kamfanin P&O na Ingila ma tun 2019 ya soke shi gaba ɗai ya ce yana cikin kuɗin tahiya. Kenan ana iyawa in an so. Abu Sultan ka duba takardar da ejan ɗinka ya ba ka, wani lokaci an riga an biya tun gida.

Abu guda da ban so shi ne wanda wasu ke yi, su danƙa ma ma'aikaci kuɗɗi tun ranar farko don ya fifita su bisa sauran baƙi, ya sama musu tebur ko kujera da wani ya riga su nema. Wannan ya tashi daga godiya ya koma wani abu daban. Kai da ka bari sai da aka gama aiki, taka ta yi daidai.

Anti_Maijidda

Abu Sultan ɗana, bar Hajiya ta yi kyautarta, kar ka hana ta, irin su in ba su ba da abu da hannunsu ba gani suke ba su gode ba. Sai dai a tace kayan. Dambun naman nan a bar shi, ku cinye abinku, ba ka san ko cikinta zai karɓa ba, kuma ma'aikata ana sa musu ido sosai a kan shiga da abinci ɗakunansu, balle nama da ƙasashe da yawa ba sa bari a shigar musu da shi, kar alheri ya ja mata tambaya. Humra ma ni da za a ji tawa a bar ta, mu ce muke jin daɗinta, wata in ta shafa kanta zai yi ciwo, kuma masu aiki da baƙi ba a son su da ƙamshi mai ƙarfi. Atamfar dai ta yi, ba ta lalacewa, tana shiga akwati, za ta kai wa mahaifiyarta ko ta ɗinka abin da take so. Amma turmi ɗaya, don ɗakunansu ƙanana ne ƙwarai kuma akwatinta kilo gare shi ranar komawa gida.

Kuma atamfa ba ta maye gurbin kuɗi fa, kar Hajiya ta ce ai an ba ta zani shikenan. Yarinya ta baro ƙasarsu ne don ta tura wa gida.

Yadda za ku yi, ka sa kuɗin a ambulan ka rubuta sunanta a baya, ka sa 'yar takarda a ciki da Turanci layi uku ko huɗu, abin da Hajiya ta faɗa da bakinta ka fassara mata, ka sa maiɗakinka ta kira ta ɗaki ko ku same ta lokacin da ba mutane a teburinta, Hajiya ta miƙa mata da kanta. Mace ce, ya fi kyau ya fito daga hannun mata, kuma kar a yi a gaban abokan aikinta. In ta ce a'a sau ɗaya ladabi ne, ku sake miƙawa. In kuna son hoto da ita ku tambaye ta tukuna, kuma kar a ɗora a Facebook ba da izininta ba.

Kuɗin kuma dala ko yuro, sababbi. Kar ka ba ta tsohuwar dalar nan mai ƙaramin kai da ko a Wapa sai an rage maka, ko wadda ta yage ko aka yi wa rubutu, a ƙasarsu ma wahalar canzawa za ta sha. Dirhami ba laifi tunda kuna yankin, wajen 3.67 ne a dala ɗaya ka lissafa, amma jiragen nan in zafi ya shigo Turai suke komawa, to ka ga dala ta fi mata amfani. Naira dai ko da wasa.

Abu_Sultan

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sauka teburin na tambaya, sun ce tana cikin rabon amma ba su hana ba in mutum ya ga dama ya ƙara, sun ma ba ni ambulan. Kuɗin hidimar na bar shi yadda yake, Alhaji a yi min afuwa. Anti an bi shawararki, Hajiya ta haƙura da dambun bayan doguwar muhawara, humrar ce har yanzu ake kai ruwa rana, ta ce ita ba ta yarda akwai macen da ba ta son humra ba.

Matsalar da ta rage tsabar dalar da ke hannuna ba ta da yawa, akwai na'urar cire kuɗi a jirgin amma cajinta ya yi yawa kuma ban tabbata katina zai yi ba. Tsohon ma'aikaci, in na ce a ɗora a lissafin ɗakina da sunanta zai kai gare ta kuwa? Sannan mai gyaran ɗakinmu ɗan Indonusiya ne, musulmi, shi ya kawo mana ƙarin tawul muke shimfiɗawa muna sallah, shi ma ina son in ba shi wani abu.

Tsohon_Maaikacin_Jirgi

Wasu jiragen suna da fom a teburin da za ka rubuta sunan ma'aikaci da adadi a cire daga lissafinka, yana kaiwa amma sai ya bi ta albashi, kuma ka tambaye su ko nata ne ita kaɗai ko tukunya ɗaya za a zuba. In gobe kuna tsayawa a gari ka cire dirhami a na'urar banki a waje ya fi sauƙi, ka canza ko ka ba su haka nan, suna da inda suke canzawa. Tsabar da ke hannunka ka fara da mai gyaran ɗakin, dala 20 zuwa 30 a wajensa babban abu ne, ka ba shi yau da yamma in ya zo gyaran gado. Ka kuma rage 'yan canji na masu ɗaukar kaya a tashar Dubai, su ba ma'aikatan jirgi ba ne, ba sa cikin kowane rabo.